Tazara da Lokaci a Tarihin Tafiya Tsakanin Sakkwato da Jidda

1.0 Gabatarwa

Mutumin da ya tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato ya nufi filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a Jidda, tafiyar da ke gabansa kimanin kilomita 3,700 ce idan an auna ta a miƙe, watau mil 2,300 ke nan. Babban jirgin fasinja mai gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa yakan ci wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kakannin wannan matafiyi kuwa, idan sun yi haramar wannan tafiya, sai sun raba gado, sun yi wasiyya, sun nemi gafarar dangi da maƙwabta, domin ba su san shekarar dawowarsu ba.

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda wannan tazara ta sake kama tun daga kafuwar Daular Usmaniyya zuwa yau. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa nisa iri uku ne. Akwai nisan ƙasa, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Akwai nisan lokaci, wanda abin hawa yake taƙaitawa. Sa'an nan akwai nisan hali, watau abin da tafiya take ci na dukiya da jira da haɗari. Duk wanda ya dubi na biyun shi kaɗai zai ɗauka cewa an gama da nisa, alhali tarihin Sakkwato yana nuna cewa na ukun yana nan daram. Tun da yake Kano ce zangon farko na mai zuwa gabas, za a fara da tazarar da ke tsakanin biranen nan biyu.

2.0 Zangon farko: Sakkwato zuwa Kano

Tsakanin filin jirgin Sakkwato da na Malam Aminu Kano akwai kilomita kimanin 370 a miƙe. Jirgi mai sauri ba ya cika awa guda a kanta. Hanyar mota ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa kuwa ta haura kilomita 500, kuma yini guda take ci.

A ƙarni na 19 ba a lissafin wannan tafiya sai da zango. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdullahi, ya bar Kano a ƙarshen watan Fabrairu na 1824, bai shiga Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba sai tsakiyar watan Maris, watau mako uku ke nan. Abin da ya fi tsananta wa matafiya a wannan hanya shi ne dajin Gundumi, wanda ba ruwa a cikinsa, ga kuma tsoron harin Gobirawa. Saboda haka ayari yakan cika salkuna, ya shiga dajin, ya yi ta tafiya dare da rana ba yada zango. Bajamushen nan Heinrich Barth, watau Abdulkarim, shi ma haka ya ƙetare shi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Wannan nisa ya yi tasiri a kan yadda aka tafiyar da daular. Sarkin Musulmi ba ya iya sa ido kan Kano ko Zazzau ko Bauci kullum, don haka aka dogara ga wasiƙu da manzanni da rangadin Waziri, aka kuma bar wa sarakuna ikon gudanar da ƙasashensu. Ranar da nisan ya fi yin ciwo ita ce a 1903. Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don gaisuwa ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, sai Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu ba ya nan. Labari ya same shi a hanyar komowa, rundunarsa ta rabu, Waziri Ahmadu ya rasu a gwabzawar Kwatarkwashi. Su kansu Turawan sai da suka yi kusan wata guda daga Kano kafin su iso Giginya, inda aka kara ran 15 ga Maris. Ke nan tazarar da yau ba ta kai awa guda ba ta taɓa raba sarki da birninsa a ranar da birnin ya fi bukatarsa.

Har ila yau, zuwan jirgin ƙasa bai kusanto da Sakkwato kamar yadda ya kusanto da Kano ba. Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa mota da jirgin sama suke da muhimmanci ga wannan birni fiye da yadda suke ga Kano ko Zariya.

3.0 Hanyar gabas kafin zuwan jirgin sama

Abin lura ne cewa shugabannin jihadi uku, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, babu wanda Allah ya nufa da sauke farali a cikinsu, duk da irin begen Makka da Madina da ke cikin rubuce-rubucensu. Shehu ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga nan ya komo gida, malamin ya wuce. Abdullahi ya bar rundunar jihadi da niyyar nufar gabas, amma a Kano jama'a suka tsai da shi, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, daga bisani ya juyo. Muhammadu Bello kuwa har littafi ya wallafa, Tanbihur Raƙidi, a kan irin ɓarnar da ke tattare da tafiyar Hajji a zamaninsa. Wannan yana nuna cewa malaman Sakkwato sun ɗauki nisa da rashin amincin hanya a matsayin mas'ala ta fiƙihu, domin sharaɗin wajabcin Hajji shi ne iko, kuma amincin hanya yana cikin iko.

Wanda ya yi tafiyar ya dawo, kamar Alhaji Umarul Futi, shekaru ya kwashe. Ya ratsa ta Sakkwato a tsakiyar shekarun 1820, ya yi Hajji a 1828, ya komo ya zauna tare da Muhammadu Bello har rasuwarsa a 1837, sa'an nan ya ci gaba zuwa ƙasarsu. Tafiya irin wannan makaranta ce, domin a cikinta ake karatu, a karɓi ijaza, a kwafi littattafai, a ƙulla aure da abota.

Bayan zuwan Turawa, hanyar da talakawa suka fi bi ita ce ta Kano da Borno, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Injamena yanzu, a bi ta Abashe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a wuce Ubayyid da Hartum, a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan sai a shiga jirgin ruwa a haye zuwa Jidda, tazarar kilomita 300 da 'yan kai. Jimillar wannan hanya ta haura kilomita 4,000. Idan aka ƙaddara cewa mai tafiya a ƙasa da jakinsa yana cin kilomita 25 a yini, to yana bukatar kusan wata shida, in ba ciwo ba hutu. Amma kaɗan ne suke yin ta a haka. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, ko a yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira, waɗanda aka buɗe bayan gina madatsar ruwa ta Sannar a 1925. Ta haka tafiyar wata shida takan koma ta shekara biyar ko goma, wasu kuma can suka tsufa.

Babban misalin wannan shi ne hijirar Sarkin Musulmi Attahiru. Ya bar Sakkwato bayan yaƙin Giginya ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Zuriyarsu da ta sauran mahajjatan da suka zauna a can suna cikin mutanen da Sudan take kira Fallata ko Takari.

Masu hali sun sami wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. A awon ƙasa wannan hanya ta ninka ta gabas nisa, amma a awon lokaci ta fi ta kusa ƙwarai. Tun a nan ake iya ganin cewa nisan ƙasa da nisan lokaci sun fara raba gari, kuma kuɗi ne ya raba su.

4.0 Jirgin sama a kan sawun mahajjata

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano guda uku ne na sojan saman Ingila, a ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ran 27 ga Oktoba 1925, suka biyo ta Hartum da Darfur da ƙasar Chadi, suka iso Kano ran 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, aka kuma miƙa ta zuwa Ikko a wannan shekarar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana tura su Masar ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Jinaina da Fashir da Hartum.

Duk wanda ya jera waɗannan sunaye zai ga cewa zangunan mahajjata ne. Dalili kuwa a fili yake. Jirgin wancan zamani ba ya dogon zango, dole ya sauka ya sha mai, kuma ba a ajiye mai da ma'aikata sai inda akwai gari da ruwa. Abin da ya tilasta wa mai jaki bin ƙasar gero da rijiya, shi ya tilasta wa matuƙin jirgi.

Miƙaƙƙiyar hanya ta ainihi daban take. Tun da yake duniya a dunƙule take, layi mafi gajarta daga Sakkwato zuwa Jidda yana tashi ne gabas maso arewa, da karkata ta kimanin digiri 70 daga arewa, watau kusan daidai da alƙiblar masallatan birnin. Wannan layi yana bi ta kudancin Nijar, ya wuce arewa da Tafkin Chadi, ya ratsa hamadar Chadi da ta arewacin Sudan. Ba ayarin talakawa da zai iya bin sa. Sai da aka sami manyan jirage masu cin dubban kilomitoci ba sauka, irin Boeing 707 da DC-8, sa'an nan tafiya ta kusanci wannan layi, zangunan da ke tsakani kuma suka fita daga lissafin mahajjaci.

5.0 Sakkwato da filayen jirginta

An kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma a 1946, ya fara aiki a 1947 da ƙananan jirage samfurin Dove masu ɗaukar mutum takwas zuwa goma sha ɗaya. Jirgi irin wannan yana cin tazarar Kano zuwa Sakkwato cikin kimanin awa ɗaya da rabi, amma masu hawansa kusan duk ma'aikatan gwamnati ne da wakilan kamfanoni da sarakuna. Tsohon filin Sakkwato ƙarami ne, kuma yanzu gari ya cinye shi, sunansa kawai ya rage a kan unguwar. Mahajjacin Sakkwato na wancan lokaci sai ya je Kano tukuna.

A Kano ɗin ne 'yan kasuwa uku, Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a 1948, suka fara da motoci, daga baya aka shiga jigila ta sama. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma yawan zuwansa Makka bayan haka ya ƙara wa tafiya ta jirgi farin jini a Arewa. Kamfanin jiragen sama na Nijeriya ya tsaya da ƙafarsa a 1958. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma da kuɗin man fetur suka yawaita, alhazan Nijeriya sun haura 100,000 a 1977.

Ita ma Sakkwato matsayinta ya sake. Ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta sami jami'a a 1975, aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976. A farkon shekarun 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka buɗe sabon filin da ke kudu da gari, mai titin sauka na kimanin mita 3,000. Tsawon titin yana da dalili. A bazara zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, saboda haka jirgin da ya cika da mutane da kaya da man tafiyar awa biyar yana bukatar doguwar sheƙa kafin ya ɗaga. Da samuwar wannan fili ne alhazan yankin suka huta da zangon Kano. A ɗaya gefen kuma aka buɗe filin Sarki Abdul'aziz a Jidda a 1981, da sashensa na musamman don alhazai.

Wannan sauyi ya taɓa fiƙihu ta sabuwar fuska. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, tazarar ƙasaru barid huɗu ce, watau mil 48, wadda ake ƙiyastawa da tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya. Jirgi yana cin ta cikin 'yan mintoci, amma tun da awon na ƙasa ne, hukuncin bai faɗi ba. Haka kuma mai zuwa Jidda kai tsaye yana wuce daidai miƙati yana sararin sama, abin da ya jawo tattaunawar malamai a kan inda ya kamata ya ɗaura harami. Ga kuma agogon Saudiyya da ke gaba da na Nijeriya da awa biyu, ta yadda mai tafiya gabas yake riskar lokutan salla da wuri.

6.0 Nisan da bai ragu ba

Awa biyar ɗin da aka ambata lokacin da jirgi yake sama ne kurum. Alhazai da yawa sun san zaman sansani na kwana da kwanaki ana jiran jirgi, a nan gida da kuma a Jidda. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan rufe sararin Arewa har a kasa sauka. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai samfurin Boeing 707 da ya taso daga Jidda zuwa Ikko, aka karkatar da shi Kano saboda yanayi, ya yi haɗari wurin sauka, mutum 176 suka rasu.

Sakkwato ta ɗanɗana nata rabon. Ran 11 ga Yuli 1991 jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi haya don kwaso alhazai da sunan kamfanin jiragen sama na Nijeriya, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa an bar shi ya tashi da tayoyin da ba su da isasshiyar iska, suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar. Matuƙa sun juyo don su sauka, jirgin ya faɗi dab da fili, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. An ƙi jinkirin gyaran taya don kada a ɓata lokaci, aka yi asarar da ta shafi gidaje a ko'ina cikin jihar. Haka kuma ran 29 ga Oktoba 2006 jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato, tafiyar kilomita kimanin 490 wadda ba ta wuce awa guda, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi cikin hadari da iska. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo.

Bugu da ƙari, tsarin zirga-zirga yana iya tsawaita abin da taswira ta gajarta. Tun da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, kamfanin jiragen sama na Nijeriya kuma ya durƙushe a 2003, kamfanoni masu zaman kansu sun fi karkata ga Abuja da Ikko, inda riba take. Duk lokacin da babu jirgi kai tsaye tsakanin Sakkwato da Kano, sai matafiyi ya biya ta Abuja, kilomita 370 ta koma kimanin 850, ban da jiran jirgi na biyu. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa mota zai hau, ya bi ta Zamfara, inda 'yan bindiga suka addabi hanyoyi tun daga shekarun 2010. Sunan dajin Gundumi, wanda ya tsorata ayarin Clapperton a 1824, ya sake dawowa bakin mutane a kan wannan dalili bayan kusan shekara 200.

Ita kanta hanyar Jidda ba ta rabu da ƙasashen da take ratsawa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, lokacin tafiya ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Ke nan rikicin Darfur da Hartum, wanda a da yakan tsai da ayari shekara guda, har yanzu yana shiga aljihun mahajjacin Sakkwato ko da yake ƙafarsa ba ta taka ƙasar.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, nisan lokaci tsakanin Sakkwato da Jidda ya sauko daga wata shida a mafi ƙaranci zuwa awa biyar, kuma mafi yawan wannan sauyi ya auku ne tsakanin 1925 da farkon shekarun 1980, watau cikin rayuwar mutum guda. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda aka haifa a 1903, ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ya ga farkonsa ya ga ƙarshensa. Na biyu, saurin ya zo da rashi. Tsohuwar hanya ta haɗa Sakkwato da Borno da Wadai da Darfur ta wajen ilmi da aure da ciniki, jirgi kuwa yana wucewa ta kansu, har zumuncin da ke tsakaninmu da zuriyar Mai Wurno ya yi rauni. Na uku, nisan hali yana hannun mutane. Kula da lafiyar jirage, da na'urorin sauka cikin hazo, da tsaron hanyoyin mota, da haɗa Sakkwato da layin dogo, su ne za su tabbatar ko talaka zai ci moriyar kusancin da taswira take nunawa.

A ƙarshe, akwai aiki a gaban masu nazarin tarihi. Tsofaffin da suka je Makka ta ƙasa suna ƙarewa, kuma a bakinsu ne sunayen zanguna da rijiyoyi da masaukai suke. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, a haɗa su da takardun da ke Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da na ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, tun kafin a rasa masu ba da labarin.